Takalmin Da Na Ɗinka Wa Inna Tarana

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya ɓoye ruwa a cikin wasu, ya ɓoye wuta a cikin wasu, bai yi shawara da kowa ba. Ku gyara zama, jama'a. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, mai goro ya fasa, don in na fara ba na son a katse ni.

Ni ne Cindo Baduku, ɗan Jatau Baduku, jikan baduku, mutumin Tsamiya Bakwai. Da yatsu shida aka haife ni a hannun dama, kuma tun ina saurayi na ɗauka an ƙara mini ɗayan ne don in fi kowa riƙe basilla. Na kuwa fi su, ba yabon kai ba. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, shi ne ja. Duk jan da muke rina fata da shi na karan dafi, shekara uku ya koɗe. Ran nan wani falke ya nuna mini kuben wuƙa da ya gada wurin kakansa, ja wur kamar jiya aka rina shi. Ya ce da ƙurar bakin wani dutse mai aman wuta aka yi, can bayan Tekun Gishiri, dutsen da ake kira Uwar Garwashi. Kwana uku tsakani na ɗaure jakata na yi sallama da gida.

Ba zan gajiyar da ku da hanya ba. Na ƙetare Tekun Gishiri a jirgin da manyan kunkuru ke ja da igiya. Na ratsa dajin da itatuwansa ke kwanciya da magariba su miƙe da asuba. A Birnin Ƙidaya, inda ake ƙirga yatsun baƙo a ƙofar gari, dogarai suka tsare ni wai na sato ɗaya. Kafin gari ya waye na ɗinka wa kaina safar hannu mai gida biyar, aka sake ƙirgawa, aka ba ni haƙuri har da guzuri. Wannan ya ƙara mini girman kai, na riƙa gani babu ramin da basillata ba za ta fitar da ni ba.

A wata na bakwai na isa Zangon Toka, ƙauyen da ke gindin dutsen. Mutanensa ba su san itacen girki ba. Mace ta ɗaura wa tukunya igiya ta zura a wani rami a tsakar gida, kafin ta gama shara tuwo ya nuna. Dutsen na bisa kansu yana gurnani, ƙasa na ɗan motsi, amma duk garin ni kaɗai ke ɗaga kai. Suka ce mini jar ƙurar da dare take zuba a bakin dutsen, rana na taɓa ta sai ta koma toka, saboda haka da dare ake hawa. Kuma ba a hawa sai da jagora, jagorar da ta rage a garin kuwa ɗaya ce, wata tsohuwa mai suna Inna Tarana.

Na same ta a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, 'yar ƙanƙanuwa, ba ta kai kafaɗata ba. Na durƙusa na gaishe ta na faɗi buƙatata. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan nan, ka iya jin magana?"

"Na iya, Inna."

"Kowa haka yake cewa a ƙasa. To saurara. Uwar Garwashi numfashi uku take yi. Na farko bayan isha, hayaƙi ne. Na biyu tsakar dare, tsakuwa ce. Na uku da hudowar rana, wannan toka ce mai zafi take gangarowa ta gefen da za mu hau, ba ta barin ko ƙadangare. Akwai wani matsatsi da muke kira Mashigin Awaki. Wanda numfashi na uku ya samu a sama da shi, ba a ma zuwa neman gawarsa. Ni ce a gaba, kai kana taka inda na taka. Ka ji?"

Na ce na ji. Amma gaskiya rabin hankalina na kan ƙafarta. Kai, jama'a, ban taɓa ganin ƙafa irin wannan ba! Faffaɗa, baƙa ƙirin, faso ya tsattsaga diddigen har wuri zai shige. Mu a Tsamiya Bakwai, tsohuwa ta taka ƙasa ba takalmi a gaban baduku abin kunya ne ga badukun. Tausayi ya kama ni, zuciyar sana'a kuma ta motsa. Na koma masauki na zauna tun azahar har la'asar sakaliya, na ɗinka mata takalmi sau-ciki na fatar akuya mai laushi, na yi masa ƙasa da kirgi ninki uku don kada zafi ya taɓa ta. Ban taɓa ɗinka wanda ya fi shi ba.

Na kai mata. "Inna, miƙo ƙafa."

'Yarta Kyallu tana tankaɗe a gefe, sai ta saki rariya. "Baƙo, ai ba a..."

"Kyallu!" in ji tsohuwar. "Wa ya sa bakinki?" Ta juyo gare ni. "Ɗan nan, kyauta ce, ko gwadawa kake so in yi maka?"

"Kyauta mana, Inna! Na yi miki kama da mai talla?"

"Zuwa ina kake so in sa shi?"

"Har bakin dutsen, har mu dawo."

Sai ta miƙo ƙafar. Kyallu ta shige ɗaki tana share ido, ni kuwa gogan naku na ce a raina, Allah sarki, murna ce.

Abu biyu ne ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Na farko, jagororin dutsen nan da tafin ƙafa suke gane hanya, don kullum hanyar canzawa take, inda aka taka jiya yau rami ne. Na biyu, a al'adarsu kyautar baƙo ba a mayar da ita, ba a kushe ta, ba a kuma cire ta sai shi baƙon ya ce a cire da bakinsa. Sun yi imani wanda ya tuɓe kyautar baƙo ya yanke masa hanyar komawa gida. Rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa da duhuna na kama hanya ina taƙama.

Muka tashi bayan magariba, ita da sanda, ni da jaka da salkar ruwa. Muka wuce gonakinsu, muka shiga toka mai kama ƙafa har ƙwauri. Muka ratsa Mashigin Awaki, inda sai mutum ya karkace yake wucewa. Sama da shi babu ciyawa, babu kukan ƙwaro, sai baƙin dutse da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ga ramuka suna busa tururi, wani da siririyar murya wani da kauri, har na tsaya ina sauraro ta daka mini tsawa. Numfashi na farko ya same mu a wani kogo, muka rufe fuska da tsumma mai ruwa har hayaƙin ya wuce.

Daga nan tafiyarta ta canza. Ta yi taki biyu ta tsaya, ta durƙusa ta dafa ƙasa da hannu, ta tashi, ta sake durƙusawa.

"Ɗan nan, ƙafata ta yi nauyi."

"Sabon takalmi ne, Inna, zai saki."

Can gaba ta sake cewa, "Har yanzu kana so in riƙe shi?"

Raina ya ɗan ɓaci. "Haba Inna! Sarakuna sun roƙe ni irinsa ban yi musu ba. Ko kin raina aikin ne?"

"Ban raina ba," in ji ta.

Muka hau wani fili shimfiɗaɗɗe, baƙi, sumul, bakin dutsen ya yi ja a samanmu har ina jin kamar in miƙa hannu. Ta taka sau uku. A na huɗu na ji ƙaras, ƙasar ta rufta, ƙafafunta biyu suka nutse har idon sawu cikin wani abu ja. Ba ta yi ihu ba, ni na yi. Na fizgo ta, na sungume ta, na ruga ban san inda nake jefa ƙafa ba, filin na fashewa a bayana, har na faɗa kan wani tudun dutse na yi rub da ciki.

Da na ɗaga kai na ga abin da ya same mu. Filin nan ashe ɓawo ne kawai a kan narkakken dutse, mun fasa shi, wutar ta samu ƙofa. Ta rabu biyu a saman tudunmu, rafi ɗaya ya bi dama, ɗaya ya bi hagu, suka haɗe a ƙasa da mu. Tudun bai fi masussuka faɗi ba. Na zaga shi sau uku. Na dama ya fi taki ashirin, yana gudu yana tafasa. Na hagu bai fi taki takwas ba, a hankali yake tafiya, amma taki takwas na wuta ai wuta ce.

Tsoro ya juye mini ya zama faɗa. "Ke ce jagorar da ake ta yabo? Shekara nawa kina hawa, ki kawo ni cikin murhu?"

Haƙoranta na datse, tana nuna ƙafarta da yatsa. Na duba. Ni baduku ne, na san abin da wuta ke yi wa fata, amma ban taɓa gani a jikin mutum ba. Takalmin ya ƙanƙance ya ƙandare, ya damƙe ƙafar yana ci gaba da dafa ta.

"Cire shi mana, Inna! Me kike jira?"

"Ka ce a cire?"

"A cire! A cire!"

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "To cire, hannuna ba zai iya ba."

Na zaro wuƙar aiki na farke ɗinkin da na yi da hannuna. Ba zan gaya muku abin da ya biyo takalmin ba, akwai masu cin abinci anjima. Na zuba mata rabin salka, na yaga rigata na naɗe ƙafafun. Sai da numfashinta ya daidaita ta yi magana.

"Shekara hamsin da ɗaya ina jin dutsen nan da tafin ƙafata. Ka toshe mini kunne da kirgi ninki uku, sannan kana tambaya me ya sa ban ji ba."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa mini?"

"In kushe kyautar baƙo a gabansa? Uwata ba ta haife ni don wannan ba. In kuwa na tuɓe da kaina, na yanke maka hanyar gida, ga ka da nisa. Na tambaye ka sau uku, ɗan nan."

"Na ɗauka kara ce kike yi mini."

"Kai ma ai da ka tambaya sau ɗaya."

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Ƙato da gemu, na zauna a kan dutse ina rusa kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in rage, ruwan jikina zai yi mana amfani.

Na tashi na shiga dabara, don har lokacin ban fid da rai ga wayona ba. Na yanka jakata na tufka igiya mai tsawo, na yi mata zarge, na jefa wa wani tsinin dutse a ƙetaren rafin hagu. Jifa na biyar ta kama. Kafin in ja ta ta yi tauri, tsakiyarta ta yi hayaƙi ta tsinke. Na tara duwatsu ina jefawa cikin rafin wai in yi mataka, kowanne ya zauna kaɗan, ya yi ja, ya tafi da gudun wutar. Na hau kan tudun na ƙwala kira har muryata ta dushe.

"Wa kake kira?" in ji Inna. "Kyallu ba ta iya hanya ba. Sauran jagorori suna maƙabarta."

Tudun kuwa sai ƙara zafi yake. Da farko ana zama, daga baya sai tsugune. Gefensa na guntulewa yana faɗawa cikin wuta, muna matsawa tsakiya. Na shimfiɗa ragowar kirgi na ɗora ta a kai. Hayaƙi ya rufe taurari, ban san gabas ba balle in san lokaci. Na yi salla a tsaye da taimama, ban san ko ta isha ce nake ramawa ko ta bankwana ba.

Sai numfashi na biyu ya zo. Ƙasa ta girgiza, dutsen ya yi wata ƙara da na ji ta a cikin haƙorana, tsakuwa mai zafi ta fara zuba. Babu kogo, babu inuwa. Na rufa a kanta na ɗora kirgin a bayana, ina jin suna sauka tim, tim, wasu na ƙona mini wuya. Ita kuwa a ƙarƙashina tana tari, wani irin tari mai fitowa daga can ciki, don ta shaƙi zafin nan lokacin da ta rufta. Da abin ya lafa na ɗaga ta, na ga bakinta da jini.

"Saura ɗaya," in ji ta.

"Inna, mutuwa za mu yi a nan?"

"In ka ci gaba da surutu. Je ka duba na hagu, ka gaya mini launinsa."

Na je. Tsakuwa da tokar da suka zuba sun rufe shi, samansa ya yi duhu, sai jan layi nan da can.

"Ya fara ɓawo," in ji ta. "Zauna. Ba yanzu ba."

Zaman nan shi ne mafi tsawo a rayuwata. Ga hanya ina gani, an ce kada in taka. Kowane ɗan lokaci ta ce in ɗiga ruwa a bakin ɓawon in gaya mata kukansa. Na ɗiga, ya yi tsuwwa ya ɓace. Na sake, haka. Salkar na ta ƙanƙancewa, harshena ya bushe, tudun ya rage bai fi tabarma uku ba. Sau biyu na miƙe na ce ni dai zan gwada, ta ce, "Gwada mana, dama ban taɓa ganin yadda baduku ke soyuwa ba." Na koma na tsuguna ina cizon yatsa.

Can na ɗiga, ɗigon ya yi rawa a kan dutsen kafin ya ƙafe.

"Yauwa," in ji ta. "Yanzu tuɓe naka."

Na dubi takalmina. Tun da na yi wayo ban taɓa taka ƙasa da tafin ƙafa ba, ƙafata kamar ta jariri take. Na tuɓe. Na taka tudun, na yi tsalle na ambaci sunan Allah.

"Tsaya cik, raggo! Saurara da ƙafarka. Zafin da ya cije ka nan take ya tsaya, na sama ne, ƙasan na da kauri, taka. Zafin da ya zo a hankali yana ƙaruwa, daga ciki yake tasowa, janye. Mai kaushi abokinka ne, mai sulɓi maƙaryaci ne. In ka ji ƙasa na ɗan rawa a tafinka kamar fatar ganga, ko da sanyi gare ta, rami ne. Maimaita."

Na maimaita sau uku. Sannan ta ce in tafi, in na ga Kyallu in ce mata akuyar nan mai ciki ta kusa.

"Wallahi ba inda za ni ba ke," na ce. "Ni na sa ki a nan."

"Nauyin mutum biyu a kan ɓawo?"

"Ke ɗin nawa kike? Jakata ta fi ki nauyi. Kuma in na ƙetare wannan, wa zai nuna mini sauran?"

Ta yi 'yar dariya, tarin ya katse ta. Na warware rawanina na goya ta, na ɗaure tam a ƙirji da ƙugu, ta sarƙe hannuwanta a wuyana.

"Namiji da goyo," in ji ta a kunnena. "Da matan Zangon Toka za su gani! To ji nan, muryata ta kusa ƙarewa. Kai ka riƙa faɗin abin da ƙafarka ta ji. In na ja kunnen dama, yi dama. In na ja na hagu, yi hagu. In ka ji shiru, ƙafarka ta faɗi gaskiya, ci gaba."

Na yi bisimilla na ɗora ƙafa a kan ɓawon. Jama'a, kada Allah ya nuna muku. "Ya cije ya tsaya," na ce da ƙarfi. Shiru. Na taka. "Mai kaushi." Shiru. "Wannan yana tasowa." Ta ja kunnen hagu, na karkata. A taki na shida ɓawon ya yi ƙara ya nutsa kaɗan, ja ya ɓullo a gefen ɗan yatsana, ta finciki kunnen dama kamar za ta cire shi, na yi tsalle biyu na faɗa kan tsinin dutsen nan da guntun igiyata ke rataye. Na waiga. Tudun da muka kwana a kai ya rabe biyu yana nutsewa.

Ba mu tsira ba tukuna. Tsakaninmu da Mashigin Awaki akwai gangare mai tsawo, duk irin wannan baƙin filin ne, hanyar da muka hau ta cikinsa kuwa wuta ta cinye. Gabas ta fara fari. Na shiga, ina taki ina magana kamar mahaukaci. "Kaushi. Kaushi. Wannan na rawa." Kunnen hagu. "Ya cije ya tsaya." Shiru. Tafin ƙafata ya yi bororo, bororon ya fashe, abin mamaki sai na ƙara jin ƙasar sosai. Na fara gane rami tun kafin in sauke nauyina. Jan kunnen ya riƙa raguwa, daga kowane taki biyar ya koma kowane ashirin. Daga nan sai shiru.

Wani daɗi ya kama ni a tsakiyar azabar nan. Na ce, "Inna, kin ga ɗalibi ko?" Ba ta ja ba, na ce to ta yarda. Muka zo wani wuri da hanya ta rabu, dama sumul ga sanyi, hagu kaushi ga zafi. Na ɗora ƙafa a dama na ji 'yar rawar nan. "Ƙarya kake," na ce wa dutsen, na bi hagu. Shiru. Na ci gaba ina ba ta labarin Tsamiya Bakwai, da irin tuwon da za a yi mata in ta zo, don kada ta ji tsawon hanya.

Ina hango Mashigin Awaki rana ta ɓullo. Dutsen ya ja wani dogon numfashi, iska ta tsaya cik. Ban waiga ba. Na ruga a kan ƙafafun da ba su da sauran fata, na karkace na tura kaina cikin matsatsin, dutse na gurzar kafaɗata, na faɗo ta ɗaya gefen na rarrafa ƙarƙashin wani falalen dutse. Tokar ta wuce ta samanmu da ruri, gari ya koma dare, zafinta ya ƙone mini gashin ƙeya. Da ta wuce na ce, "Mun sha, Inna! Mun sha!" Na ce a raina barci ya ɗauke ta, ai ta gaji. Na lallaɓa na miƙe don kada in tashe ta.

Sai da hantsi ya yi na isa gonakin farko. Mutanen gari na tsaye a bakin rijiya sun zuba wa dutsen ido, Kyallu a gabansu. Da suka gan ni suka sheƙo. Ni kuwa baki har kunne.

"Ga ta nan na kawo muku! Ƙafarta ce ta ƙone, laifina ne, zan yi bayani. Amma ku tambaye ta, tun daga tsakiyar gangaren nan ba ta ja kunnena ko sau ɗaya ba!"

Kyallu ta zagaya bayana. Na ji ta taɓa wuyan uwarta, ta daɗe. Sannan ta zo gabana ta kama hannuwan nan da ke sarƙe a wuyana tana so ta raba su, suka ƙi. Sai da wani dattijo ya taimaka mata, yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Durƙusa, baƙo," in ji Kyallu a hankali. "Mu sauke ta."

"A yi a hankali, barci take."

"Ta yi sanyi, baƙo. Ta daɗe."

Aka kwance rawanin. Na zauna a ƙasa ina kallonsu suna rufe ta da zane, na kasa ko salati. Na jira Kyallu ta zage ni, ta tsine mini, wallahi da na fi son haka. Sai ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta durƙusa tana wanke mini ƙafa, hawayenta na zuba a ciki. Ta ce, "Ba a taɓa sauko da wanda dutsen ya kashe ba. Ita ce ta farko da za mu binne da hannunmu."

Na ce, "Ta ce in gaya miki akuyar nan mai ciki ta kusa."

A nan ne ta fasa kuka.

Wata biyu na yi a Zangon Toka kafin in iya tsayawa. Jar ƙurar da na ƙetare teku dominta ko ganinta ban yi ba, ban kuma sake nema ba. Wannan shi ne abin da ya same ni a Uwar Garwashi, ban ƙara ba, abin da na rage kuwa don ku iya cin abinci ne. Allah ya jiƙan Inna Tarana, ya sanyaya makwancinta. Shekara talatin ke nan ina bin gangaren nan a zuciyata, taki bayan taki, ina neman inda shirunta na yarda ya ƙare, ɗayan ya fara. Har yau ban gane wurin ba.